Yadda na kai wa Yaya Ladi daddawa a Jidda

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin coci, a kasuwar Malumfashi, har a wurin mai faci, kowa sai ya tare ni: "Malam Haruna, yaya ƙasar Habasha? Wai da gaske har Jidda ka taka?" Abokaina Musulmi kuwa sun laƙaba mini Alhaji, in na doso majalisa sai su ce a ba Alhajin coci wuri. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in sha ruwa.

Ni mai bishara ne a wata ƙaramar coci a ƙauyenmu. Wani fasto ɗan Habasha da muka taɓa haɗuwa a taro a Jos shi ya gayyace ni in je in yi makonni ina wa'azi a majami'un ƙauyukan kudancin ƙasarsu. Da aka tashi yankar tikiti, sai aka ga mafi sauƙi shi ne jirgin da ke bi ta Jidda, kuma a dawowa ana ba fasinja izinin kwana huɗu ya shiga gari in yana so. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, har sai da na faɗa a gaban mahaifiyata.

Iya tana tsince wake da lalube, don idonta ya yi rauni sosai. Sai ta tsaya. "Jidda ka ce?"

Yayata Ladi tana can. Ita ta goye ni. Ta auri wani direba Musulmi mai suna Mamman, ta musulunta ta zama Saudatu, kuma ba a yi faɗa ba, don gidanmu dama akwai masu zuwa coci akwai masu zuwa masallaci, tukunya ɗaya muke ci. Suka tafi umara ita da mijin, ba su dawo ba. Daga baya muka ji Mamman ya rasu a can. Da farko tana kira, sannan kiran ya riƙa ja baya, har wata rana lambar ta daina shiga. Fiye da shekara ashirin ke nan rabon Iya da ganin 'yarta.

Iya ba ta ce in nemo ta ba. Washegari na ga ta sa an ɗauko mata kalwa. Da hannunta ta dafa, ta surfe, ta rufe ta ruɓa, ta daka, ta mulmula. Kowace daddawa ta danna mata babban yatsa sau uku, yadda take yi tun muna yara don kada tata ta cuɗe da ta wasu a faifan kasuwa. Da suka bushe ta jera su a gwangwanin madara, ta ɗaure da leda, ta ɗora mini a cinya.

"Ba za ka ba wani ya ba ta ba, Auta. Hannunka, hannunta. Ka kuma dube ta da kyau, ka zo ka faɗa mini, tunda ni ko ta zo ba ganinta zan yi ba."

Na ce to. Ban san ko unguwar da take ba.

Daga Kano jirgin cike yake da masu umara. Kafin mu sauka maza suka riƙa shiga bayi suna fitowa da harami, har jirgin ya koma fari fat, ni kaɗai da riga mai maɓalli kamar baƙin wake a cikin shinkafa. Dattijon da ke kusa da ni ya dube ni da tausayi, ya ce ko na manta nawa ne ya ara mini, yana da biyu. Na ce wucewa zan yi. Ya ce, "Ka zo har ƙofa ka wuce? Allah ya kira ka wata rana." Na ce amin, don addu'ar alheri ba a mayar da ita. A tafiyar nan ban ga komai na Jidda ba sai kujerun filin jirgi.

A Addis Ababa daddawa ta fara jawo mini magana. Ma'aikacin da ke binciken kaya ya kwance ledar, ya buɗe gwangwanin, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya kira wani. Na ce abinci ne. Suka dubi juna. Na gutsuri gefen ɗaya na tauna a gabansu, sai suka rufe da sauri suka ce in tafi, Allah ya ba ni lafiya.

Wanda aka haɗa ni da shi ya yi mini tafinta sunansa Tesfaye, malamin makaranta ne, siriri mai yawan dariya. Muka shiga bas muka yi kudu yini guda, daga nan babur, daga nan ƙafa, don damina ce kuma jar lakar ƙasarsu ba ta san mutunci ba. Takalmin da na saya musamman don wa'azi a ƙasar waje, a ranar farko laka ta cire mini ƙafa ɗaya, sai da aka sa sanda aka haƙo shi. Gaisuwarsu kuwa, mutum ya kama hannunka ya buga kafaɗarsa da taka. Na farko da ya yi mini na zaci tuntuɓe ya yi, na rungume shi don kada ya faɗi.

Masaukina ɗaki ne a bayan coci, gadon katako da bargo mai warin hayaƙi. Tesfaye ya ce gobe sujada, wato taron ibada a coci, da ƙarfe uku. Na ce madalla, mutanen nan sun san baƙo ya gaji. Da safe ina zaune da gajeren wando ina wanke takalmi, sai ga dattawa sun zo ɗaukata, coci ta cika tana jira. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ukunsu shi ne taranmu na safe. Da silifas na yi wa'azina na farko a ƙasar waje.

Majami'unsu kamar namu ne: ginin laka, rufin kwano, benci ba majingina, mata gefe maza gefe. Mata na guɗa kamar a bikin Katsina. Baiko, wato sadakar coci, ma kamar namu, wannan ta kawo ƙwai, wancan ya kawo kabewa, a yi gwanjonsu bayan sujada. Bambancin shi ne a gida in na yi magana kunnuwa ke karɓa kai tsaye, a can kuwa sai maganata ta bi ta baki biyu. Ina tunani da Hausa, in faɗa da Turanci, Tesfaye ya juya zuwa Amharik, wani dattijo ya sake juyawa zuwa harshen ƙauyen. In na yi barkwanci, sai na shiga maganar mutuwa sannan dariyar ta iso. Wani lokaci in faɗi kalma biyar, dattijon ya yi minti biyu yana zuba, jama'a na kuka. Na tambayi Tesfaye me yake cewa, ya ce, "Kada ka damu, wa'azinka yana da kyau sosai." Har yau ban san wa'azin wa suka ji ba.

Abincinsu na yau da kullum daga wata bishiya ake yi mai kama da ayaba amma ba ta 'ya'ya. Ana kankare jikinta a binne a rami watanni, a tono a gasa. Ya yi tsami, ya yi danƙo, amma yunwa ta sa muka saba. Gahawa kuma da gishiri da man shanu suke sha, kofi uku a jere, in ka tashi a na biyu ka yi rashin kunya.

Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu. Amma ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a can. Da an tashi sujada Tesfaye ya hau babur ya koma wurin iyalinsa, sai in zama kurma kuma bebe. A zauna da ni, a yi mini murmushi, in yi musu, murmushin ya ƙare, a ci gaba da hira a kaina. Waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu. Akwai jakin mai gadin coci da ake ɗaurewa a bayan ɗakina, shi nake yi wa Hausa da yamma. Ina ba shi labarin gida, ina tambayarsa ko yana ganin zan sami Ladi. In abin ya yi mini yawa sai in kwance ledar Iya in buɗe gwangwanin in sunsuna, in rufe.

A ƙauye na ƙarshe na yi wa'azi a kan makiyayin da tunkiyarsa ɗaya ta ɓace ya bar sauran ya tafi nema. Ban yi niyya ba, sai na ji bakina yana ba da labarin Iya da Ladi da Jidda. Wannan karon ban jira saƙo ya bi ta baki biyu ba. Da na ce "Jidda", tun kafin Tesfaye ya buɗe baki, sai na ga ɓangaren mata ya motsa.

Wurin cin abinci wata tsohuwa da kowa ke kira Emama ta zo ta durƙusa a gabana, ta naɗe loma da hannunta ta nufo bakina. Wannan al'adarsu ce ta girmamawa, kuma tun da na zo nake kauce mata da dabara, don ni rabona da a ba ni abinci a baki tun ina bayan Ladi. Wannan karon na buɗe baki. Lomar ta yi girma har hawaye ya fito mini. Sannan ta zaro hoto daga ƙirjinta: yarinya ce da kayan makaranta. Tesfaye ya ce 'yarta ce, sunanta Meseret, ta tafi aikatau Jidda, shekara biyu ana jinta, daga nan shiru. Kafin in haɗiye lomar, mata huɗu ko biyar sun jeru a bayanta, kowace da hoto.

Na ce wa Tesfaye ya faɗa musu Jidda babban birni ne, ni ma tawa ban san inda zan same ta ba. Ya faɗa. Emama ta gyaɗa kai kamar ta fahimta, sannan ta sake faɗin sunan a hankali, gaɓa-gaɓa, don in riƙe. Na riƙe. Ban same ta ba, gara in faɗa tun yanzu. Matan Habasha biyu da na tara a Jidda da sunan, ko tsayawa ba su yi ba.

Na sauka Jidda gabana yana faɗuwa. Littafi Mai Tsarki nawa na naɗe shi a cikin singileti a ƙasan jaka, ina ta shirya abin da zan ce in an gani. Ba wanda ya ko duba. Jami'in ya buga hatimi ya ce "yalla", ma'ana in yi gaba. Daddawar ma ba a tanka mata ba, ina jin hancinsu ya saba da kayan mutanenmu.

Na kama ɗaki a unguwar Sharafiyya, a wani bene da ke saman shagunan waya. Zafin garin irin mai jiƙa riga ne, ba irin namu mai busarwa ba. Da safe in sayi wake dakakke da wani faffaɗan burodi wurin wani Ba'afgane, da rana shinkafa da kaza rabi, a zuba maka abin da mutum uku za su ci, ka zauna kai kaɗai. Washegarin zuwana Lahadi ce, kuma a can ranar aiki ce kamar kowace. Ba ƙararrawa, ba kowa da kayan ado. Tun da na yi wayo ban taɓa wayar gari Lahadi ba ni da inda zan je ba. Na shiga bayi na buɗe famfo don ya rufe muryata, na rera waƙa ɗaya ta coci a hankali, na yi addu'a, na ce amin ni kaɗai.

Wani direban tasi ya ce in mutanenmu nake nema in tafi unguwar Sa'alaba. Ina sauka na ji wata mata tana cewa, "Ke, ki bar nan kafin in zo!" Wallahi sai da na tsaya na dafa bango. Bayan makonnin da na yi ina hira da jaki, ga Hausa tana yawo a titi kyauta. Ga masu tsire, ga mai fura, ga ƙosai. Na ce yau nema ya ƙare.

A nan na tafka wauta. Na sa rigata mai guga, biro a aljihu, jaka a kafaɗa, tsohon hoton Ladi a hannu, na riƙa bin mutane ɗaya-ɗaya: "Kun san Saudatu matar marigayi Mamman direba, 'yar ƙasar Malumfashi?" Za a amsa sallama da fara'a, da na ambaci suna sai fuska ta rufe. Wata mai awara ta tattara kaskonta ta shige lungu. Ashe yawancin mutanen nan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma wanda aka kama jirgi ne zai mayar da shi gida da kayan jikinsa. Saboda haka doka ce a tsakaninsu wadda ba a rubuta ba: ba a nuna wa baƙo gidan kowa, ko da ya ce shi uwarsu ɗaya. Balle baƙo mai biro.

An ce in tambayi Baba Idi, dattijon da ke sayar da kayan miya, wai ba wanda bai sani ba. Na same shi a ɗan shagonsa tsakanin buhunan kuka da kuɓewa busasshiya. Ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Wallahi, ɗana, Saudatu suna da yawa a garin nan. Wannan dai ma a'raf, ban sani ba. Ka sha shayi?"

Na sha shayi. Washegari na dawo, na sake shan shayi. A rana ta uku ƙafata ta kumbura, gobe da yamma jirgina zai tashi. Na zauna a bencin Baba Idi ina tunanin yadda zan shiga ɗakin Iya da gwangwanin nan a cike. Mata na zuwa suna sayen wata daddawa baƙa ƙirin da ya jera a faranti. Sai na kwance ledata. Iya ta ce kada in ba wani, amma na ga in ban karya maganarta kaɗan ba zan karya ta duka. Na ɗauki ɗaya na ajiye a kan teburinsa.

"Baba, ba sayarwa ba ce. A bar ta nan inda ido zai gan ta. In wata ta tambayi inda ta fito, ga lambar masaukina."

Ya ɗaga ta ya sunsuna, ya lumshe ido. "Wannan ta kalwa ce ta gaske," ya ce.

Da hantsi washegari, ina ɗaure jaka, aka ce ana nemana a ƙasa. Wata budurwa ce cikin baƙar abaya, tsayin Ladi, tafiyar Ladi. "Inta Haruna? Ni Hanan. Ummi ta ce ka zo. Yalla, bisur'a, yi sauri, mota tana jira." Hausarta a karye take, rabi Larabci. 'Yar yayata ce, ban taɓa sanin an haife ta ba.

Gidan ɗaki biyu ne a saman wani tsohon gini, bayan shagon Baba Idi kaɗan. Ashe kwana uku ina wucewa ta ƙarƙashin tagar Ladi. Na tarar da ita a tsaye a tsakar ɗaki, daddawar da na bari a teburin Baba Idi a tafin hannunta. Ta tsufa fiye da shekarunta, ta bushe, hannuwanta duk sun yi kanta saboda wanke-wanken gidajen mutane. Muka tsaya muna kallon juna.

"Auta," ta ce. "Tana da rai?"

"Tana da rai, Yaya. Da hannunta ta yi."

Sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da mayafi. Na ajiye gwangwanin a cinyarta, na kama hannunta na ɗora a kai, don in cika saƙo yadda aka ba ni.

Da ta natsu ta tura Hanan sayen nama, ta matso ta rage murya. Ta ce bayan rasuwar Mamman kunya ce ta hana ta kira: kullum Iya na tambayar yaushe za ta dawo, ita kuma in ta fita ba ta sake shigowa, yaran kuma nan kaɗai suka sani. Sannan ta ce, "Auta, nan ba wanda ya san gidan da na fito. Ko Hanan ba ta sani ba. Ɗan Baba Idi ne ke nemanta, an kusa sa rana. Don Allah, in sun zo gaishe ka, kai Haruna ne kawai."

Na ce to. Me zan ce? Na ƙetare ƙasashe don in faɗa wa baƙi abin da na gaskata ta bakin mutum biyu, ga shi a ɗakin yayata, cikin harshen uwata, an ce in yi shiru. Wannan kaɗaicin ya fi na bayan coci ciwo, don a can aƙalla jakin ya san ko ni wane ne.

Labari ya bazu, maza suka fara shigowa. Waɗanda suka juya mini baya jiya su ne yau ke rungumata, suna tambayar damina, da farashin masara, da ko har yanzu ana cin kasuwar kaza ranar kaza. Baba Idi ya zo ya zauna kusa da ni yana dariya. "Tun ranar farko na gane ka, goshinku ɗaya. Amma halas, shi ke nan, ka san zaman da muke yi." Daga kicin ƙamshin miyar kuka da daddawar Iya ya cika gidan, har wani ya ce yau Katsina ta zo Jidda.

Sai aka kira azahar. Kowa ya miƙe. Baba Idi ya ɗauko buta ya cika da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, yadda ake yi wa baƙo mai daraja. "Bismillah, Malam Haruna. Kai za ka fara."

Na karɓa, don hannu ya riga tunani. Na iya alwala, a cikinta na girma, da na yi ba wanda zai gane. Amma in na bi su sahu na yi musu ƙarya a wurin da suka fi girmamawa, na kuma yi wa kaina. In na ƙi, na rushe wa Ladi abin da ta yi shekara ashirin tana ginawa, na kuma ɓata wa yarinyar da na sani yau da safe aure. Na tsaya da buta a hannu kamar gunki, ruwa na ɗiga a kan ƙafata.

Ladi ta fito bakin ƙofar kicin, ludayi a hannunta. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta zo ta zare butar daga hannuna ta mayar wa Baba Idi.

"Baba, ku je ku yi sallarku. Ƙanena Kirista ne, mai wa'azi ne a coci. Uwar da ta haife mu ma haka, ita ta yi daddawar da kuke jin ƙamshinta. Zai zauna ya duba mini tukunya."

Hanan tana bayan uwarta, idonta a waje. Baba Idi ya dubi butar, ya dube ni, ya ce, "To." Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ladi ta shimfiɗa dardumarta a ɗaya ɗakin ita da 'yarta, ni kuma na zauna a kicin ina juya miya.

Cikin waɗanda suka fita, Baba Idi kaɗai ya dawo. Ya zauna, muka sa hannu a kwano ɗaya, ya ci tuwo sosai, ya yaba miya. Da zai tafi Ladi ta raka shi bakin ƙofa, na ji ta ce, "Maganar yara fa, Baba?" Ya ce, "Sai na yi shawara da mutanen gida." Har yau da nake rubutun nan ba a sa rana ba, ba a kuma ce an fasa ba. Da na ɗauki jaka Hanan ta tambaye ni, da Hausarta mai ɗingishi, yaya sunan kakarta.

Na ce wa Ladi in kira matata ta kai wa Iya waya yanzu. Ta girgiza kai. "Me zan ce mata, Auta? Bari in tara bakina tukuna." Ta ba ni lambarta. Sannan ta ɗauki daddawa ɗaya, ta yayyafa mata ruwan ɗumi har ta yi taushi, ta danna babban yatsanta a gefen ukun nan na Iya. Ta naɗe a leda ta sa mini a aljihu. "Hannunka, hannunta," ta ce, ba tare da ta san haka aka faɗa mini ba. "Ka ce mata ina lafiya, na yi ƙiba."

A jirgin dawowa kowa na ɗauke da jarkar zamzam da dabino, ni da daddawa ɗaya a aljihu. A hanya na shirya abin da zan faɗa: gida mai kyau, jika kyakkyawa, Ladi ta yi ƙiba.

Na sami Iya a ƙofar ɗakinta. Na buɗe tafinta na sa mata daddawar. Ta sunsuna, ta ɓata fuska, ta zaci saƙonta na dawo da shi. Sai yatsunta suka fara lalube. Ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya a na huɗun. Ta daɗe a wurin, sannan ta sa nata babban yatsan a cikin ramin, bai shiga ba.

"Ta rame," in ji Iya.

Ta ɗaure daddawar a bakin zanenta, ta ce in ɗauko waya.